Budurwar Ranar Alhamis

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba", ga shi. Ku karanta a nutse, ku daina tsallake layi kuna dawowa da tambaya.

*

Arvid yana gareji yana goge ƙugiyoyin kamun kifin da ba su da datti, sai matarsa Lorna ta leƙo da tawul a kafaɗa.

"Tsoho, wanke hannu ka zo ka jera faranti. Huɗu."

"Uku dai."

"Huɗu na ce."

"Ni, ke, Merle. Waye na huɗu?"

"Paulette mana."

Ƙugiya ta shige masa babban yatsa. Bai ko ji ba.

"Wace Paulette?"

"Kana da wata ne bayan taka?" Lorna ta yi dariya. "Na nemo ta a manhajar neman masoya, na yi mata magana. Ba zan tafi in bar mata kai ba tare da mun gaisa ba. Rashin tarbiyya ne. Ta ce tana zuwa."

Ta juya ta koma kicin tana waƙa.

Arvid ya zauna a kan bokiti.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan da aurensu. Da yara suka watse, su biyu suka zauna a teburin kicin suka buɗe auren, yadda wasu a nan garin Duluth na Amurka suka yi. Kowa na iya neman wani a waje, da sanin ɗaya. Lorna ce ta kafa doka. Kafin ka danna wa wani zuciya a manhaja, ka faɗa a teburin nan. Sannan ba ƙarya. Ta ce duk ranar da aka yi mata ƙarya, ranar za ta haɗa akwatinta.

Ita ba ta jima ba ta samu Merle, tsohon dillalin motoci, mai bakin da ba ya hutawa. Arvid bai samu kowa ba, don bai nema ba. Merle ne ma ya saka masa manhajar, ya ɗauke shi hoto da kifi a hannu, ya haɗa shafinsa da na Lorna kamar yadda ma'aurata suke yi don kowa ya san ba a ɓoye ake ba.

Arvid bai danna wa kowa komai ba. Amma duk ranar da Lorna za ta fita, sai ta tsaya a ƙofa tana kallonsa da tausayi. Wata rana ta cire takalmi ta fasa fitar. Wannan ne ya ƙona shi. Washegari ya buɗe manhajar, ya nuna mata hoton wata, ya ce, "Paulette. Ranar Alhamis."

Tun daga nan, kowace Alhamis Lorna ke goge masa riga, ta fesa masa turare, ta ba shi kek ɗin gyaɗa ya kai wa Paulette. Shi kuwa sai ya tuƙa zuwa bakin tafki, ya faka kusa da gadar da ake ɗagawa, ya zauna yana kallon jiragen ruwa masu dakon tama da ya yi wa aiki rabin rayuwarsa. Ya ci kek. Ya jefa wa tsuntsaye saura. Ya dawo ya ce, "Ta gode."

Ƙaryar ta yi aiki fiye da yadda ya so. Lorna ta ce tunda yanzu yana da mai kula da shi, za ta bi Merle zuwa Arizona, inda ba a sanyi, su yi hunturu a can, sai ƙanƙara ta narke su dawo. Wannan makon za su tashi.

In ya yi shiru, zai kwana shi kaɗai har ƙarshen sanyi. In ya yi magana, ga akwati.

Ya tsotse jinin yatsan, ya ɗauki makullin motarsa. Ya ɗaga ƙofar gareji ke nan, sai ga wata doguwar mota mai gado da kicin a ciki ta yi baya-baya ta cike hanyar fita kaf.

Merle ya diro da gajeren wando, a wannan sanyin.

"Kyaftin! Ka ga amaryata?" Ya daki gefen motar. Arvid bai taɓa zama kyaftin ba, igiya ya ja a jirgi har ya yi ritaya, amma Merle ba ya kiransa da wani suna.

"Matsar da ita."

"Ina za ka?"

"Sayen madara."

"Akwai madara a motata. Akwai firij. Akwai bayan gida, Kyaftin, da ruwan zafi. Zo ka gani."

"Matsar da ita, Merle."

"Haba. Yau ranar ganin budurwarka ce, ka ce za ka sayen madara? Kunya kake ji? Dubi kunnenka ya yi ja." Ya rataya masa hannu a wuya ya ja shi cikin gida, ya jefa makullin babbar motar a kan tebur. "Sarauniya! Na kamo miki shi yana shirin gudu."

"Ya saba," in ji Lorna daga bakin tanda. "Ranar aurenmu ma a bayan coci aka samo shi."

Arvid ya jera faranti huɗu. Ya jera su a hankali, kamar mai jiran wani ya ce a fasa.

Aka danna ƙararrawar ƙofa.

"Ni zan buɗe," ya ce, ya riga kowa.

Doguwar mace ce, farin gashi an yanke shi gajere, jar riga mai kauri, kwano a rufe a hannunta. Ya fita ya jawo ƙofar a bayansa.

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne?"

"Ni ne."

"To, ba laifi. A hoto kifin ya fi ka kyau, amma ba laifi. Riƙe wannan." Ta miƙa masa kwanon. "Tun yaushe muke tare? Don in sani."

"Tun lokacin zafi."

"Ikon Allah. Ina jin daɗi kuwa?"

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri."

"Ina muke zuwa?"

"Bakin gada."

"Bakin gada. Ko gidan abinci ba ka kai ni? Ashe marowaci na samu." Ta fara kwance igiyar takalminta. "Me ya sa ni?"

"Hotonki ne ya fara fitowa."

"Ka ƙara wata ƙaryar ke nan."

Arvid ya kalli kwanon. "Kina dariya a hoton. Na ga kamar ba za ki yi wa mutum tsawa ba."

"Ka yi kuskure. Motar 'yan makaranta na tuƙa har na yi ritaya. Tsawa ce sana'ata."

"To me ya kawo ki?"

Ta miƙe da takalmi ɗaya a hannu.

"Matarka. Ta rubuto min cewa kana shan maganin hawan jini da safe, ba ka cin yaji, in ka yi shiru ba fushi ba ne. Ta ce in ƙanƙara ta yi yawa kada in bar ka ka kwashe ta kai kaɗai, don bayanka. Na daɗe a manhajar nan, bawan Allah. Maza suna turo min hotunan da ko likita ba zai so gani ba. Ba a taɓa ba ni amanar mutum ba sai wannan karon. Na ce sai na zo na ga gidan."

"Ki rufa min asiri."

"Ba na ƙarya."

"Yau kaɗai."

"Ba na ƙarya, na ce. Amma ba na tona asiri da yunwa. Kana da lokaci har in ajiye cokali. In na ajiye ba ka faɗa ba, ni zan faɗa."

Ƙofa ta buɗe. Lorna ta fito da hannu a ware.

"'Yar'uwa! Ya tsare ki a sanyi yana miki raɗa? Shigo, shigo. Kai, kin fi hotonki."

Suka rungume juna kamar sun shekara da sabo. Arvid ya bi su da kwano.

Merle yana zuba kofi lokacin da suka shigo. Ya ɗago, ya ga Paulette, kofin ya cika ya malale a tebur.

"Merle, idonka," in ji Lorna.

"Tulun ne ba shi da kyau." Ya goge da hannun riga. "Sannu da zuwa. Ni ne Merle. Na Lorna. Wato ita ce tawa. Wato ta Kyaftin ce, ni kuma..."

"Na gane," in ji Paulette. "Zauna kafin ka ji ciwo."

Aka zauna. Lorna ta kawo gasasshen dankali da niƙaƙƙen nama yana tururi. Paulette ta buɗe nata kwanon, wake ne da zuma. Arvid ya cika mata faranti har ya yi tozo.

"Ka ga soyayya," in ji Merle. Bakinsa ya dawo. "Ni shekara nawa ina cin abinci a gidan nan, ko gishiri bai taɓa miƙo min ba."

"Hannunka ya karye?" in ji Arvid.

"Ka ji ko? Haka yake min. Paulette, don Allah ki gaya mana. Me kuke hira a kai? Mutumin nan, in ya ce miki 'uhm' ya yi dogon jawabi."

Paulette ta nuna bakinta da ke cike, ta nuna Arvid da cokali.

"Jirage," in ji Arvid.

"Jirage! Mace kamar wannan, kana mata hirar jirage?"

"Tana so."

"Kina so?"

Paulette ta haɗiye. "Dankalin nan, Lorna, me kika sa a ciki?"

"Albasa ce kawai da cuku. Ƙara mana."

Kafin ta miƙa hannu Arvid ya ƙara mata.

"To ba mu labarin ƙararrawar manhaja," in ji Merle. Ya juya ga Lorna. "Kin tuna tamu? Ina layin biyan kuɗi a kanti, sai na ji ƙilin! Na san ba ta bugawa sai in mutum biyu sun danna wa juna. Na bar kayan a nan na fita ina rawa. Kai fa, Kyaftin? Ina kake taka ta buga?"

"Na manta."

"Ana manta wannan?"

"Ni na manta."

"Bar shi, Merle," in ji Lorna. Ta dafa hannun Paulette. "Ni dai abin da nake so ki sani, hankalina ya kwanta. Da ba don ke ba, ba inda zan je. Mutumin nan in aka bar shi, burodi da kifin gwangwani zai ci har ƙanƙara ta narke. Ba zai kira kowa ba. Ko ya faɗi a matakala, sai dai maƙwabta su ji shiru ya yi yawa."

Paulette ta kalli Arvid. Cokalinta ya fara sauka.

Ya zuba mata wake.

"Bawan Allah, kashe ni za ka yi?"

"Ci."

"Na ƙoshi."

"Akwai saura."

"Bar mata wuri," in ji Lorna, ta miƙe. "Ga abin da ta fi so yana zuwa."

Ta dawo da faranti mai faɗi, kek ɗin gyaɗa an yanka shi murabba'i, ta ajiye a gaban Paulette.

Paulette ta ja kujerarta baya.

"Gyaɗa ce?"

"Ita ce."

"In na ci wannan, sai dai ku kira motar asibiti. Ko taɓawa ba na yi. Tun ina yarinya."

Merle ya yi dariya. "Wasa kike. Kyaftin ya ce har farantin kike lashewa. Duk Alhamis. Ko ba haka ka ce ba?"



Merle ya kalli Paulette. Ya kalli kek. Ya kalli cikin Arvid, wanda ya tura maɓallin riga gaba tun lokacin zafi.

"Kyaftin?"

Paulette ta ɗaga cokalinta sama, kowa ya gani, ta ajiye shi a gefen faranti. Ya yi 'yar ƙara.

Arvid ya miƙe tsaye. Bai san dalili ba. Ya ga dai irin wannan magana ba a yin ta a zaune.

"Lorna."

"Ina jinka."

"Ban san matar nan ba."

"Kai!" in ji Merle.

"Yau na fara ganinta. A bakin ƙofa. Ban taɓa danna mata komai ba. Ban taɓa danna wa kowa ba. Ranar Alhamis bakin gada nake zuwa. Ni kaɗai."

"Da turaren?" in ji Merle.

"Da turaren."

"Kek ɗin fa?"

"Ni da tsuntsaye."

"Hular da Sarauniya ta saƙa mata fa?"

"Tana bayan kujerar mota."

"Akwai hula?" in ji Paulette. "Wane launi?"

"Kore," in ji Lorna. Idonta yana kan mijinta. "Me ya sa, Tsoho?"

Arvid ya riƙe bayan kujera.

"Kallon da kike min."

"Wane kallo?"

"In za ki fita. Kamar kin bar kare a ruwan sama. Rannan har kika cire takalmi. Ba na so a zauna da ni don tausayi. Na karya doka. Na sani. Akwatin yana saman kabad. In kina so, ni zan sauko miki da shi. Yana da nauyi."



Lorna ta ɗauki yanka ɗaya na kek ta ajiye a farantinsa.

"Zauna."

"Lorna."

"Zauna, na ce. Ka tsaya min a kai kamar sandar fitila."

Ya zauna.

"Merle, da ka haɗa shafinsa da nawa, ka gaya masa abin da yake nunawa?"

"Hotonsa da kifi."

"Da nisa. Ƙarƙashin sunan kowa akwai nisan da ke tsakaninku. Alhamis ta farko na ce bari in ga ko ya isa lafiya. Paulette tana can tsallaken ruwa, nisa sosai. Shi kuwa ko mil biyu bai yi ba. Na ce ƙila a nan suka haɗu. Na duba nata, ba ta motsa ba. Mako na gaba, haka. Sai na ɗauki mota na bi."

Arvid ya runtse ido.

"Na gan ka. Da rigar da na goge. Kana wa wani tsuntsu faɗa don ya ƙwace na ɗan'uwansa."

"Ɓarawo ne," in ji Arvid. "Kullum shi ne."

Paulette ta toshe baki da tawul. Kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Kin sani tun lokacin zafi?" in ji Merle. "Kika ci gaba da gasa kek?"

"A shafinta an rubuta ba ta cin gyaɗa. Layi na biyu. Shi ko karantawa bai yi ba." Lorna ta ɗaga kafaɗa. "Shi ne mai son gyaɗa. Shi nake gasa wa."

Arvid ya kalli abin da ke farantinsa.

"Me ya hana ki magana?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Na ce bari in ambaci Arizona, zai fashe. Shiru. Na sayi rigunan zafi a gabanka. Shiru. Ka taya Merle duba tayoyi! Na ce wannan in ban kawo masa matar har gida ba, zai ɗaga min hannu a bakin titi ya koma ya buɗe gwangwani."

"Ki gafarce ni, 'yar'uwa," ta ce wa Paulette. "Na yi amfani da ke."

"Da irin wannan dankalin, ki yi amfani da ni duk Lahadi."

"Tsaya, tsaya." Merle ya ɗaga hannu biyu. "Wato shi ya yi ƙarya. Ke kin sani kin yi shiru, kin kuma sa ni na cika mota da mai. Wannan baiwar Allah ta ci abincin budurwa alhali ba budurwa ba ce. Ashe ni kaɗai ne mai gaskiya a teburin nan. Ni! Dillalin motoci!"

"Yi mana shiru, Merle," in ji Lorna. Ta juya kujerarta ta fuskanci mijinta. "Akwati yana nan inda yake. Ni ma ban fito da tawa a fili ba, mun yi kunnen doki. Amma yau sai ka yi abin da ba ka taɓa yi ba. Tun da na aure ka ba ka taɓa roƙona komai ba. Ko shayi. Ga mota a waje. In tafi, ko in zauna?"

"Yadda kika ga ya..."

"A'a."

"Merle ya riga ya..."

"Ba Merle na tambaya ba."

Arvid ya kalli tagar. Sararin sama ya yi fari, irin na gab da zubar ƙanƙarar farko. Ya tuna gidan nan da dogon hunturu, da kujera ɗaya a tebur.

"Kar ki tafi."

"Ban ji ba."

"Kin ji."

"Paulette, kin ji wani abu?"

"Kamar dai an tura kujera."

Arvid ya daki tebur, cokula suka yi tsalle.

"Kar ki tafi, Lorna! Ba na son kifin gwangwani. Ba na son gadar nan, sanyi ne da ita. Ki fita da Merle duk ranar da kika ga dama, ba ruwana, amma ki dawo gida ki daina min wannan kallon. Shi ke nan. Na faɗa."

Lorna ta share ido da gefen tawul, tana dariya.

"Shekara talatin. Ashe akwai magana a ciki."

Ta kama kunnensa ta ja, ta sumbaci goshinsa. Paulette ta tafa.

Merle bai tafa ba.

"Madalla," ya ce. "Na taya ku murna. Ni kuma fa? Na saki gidan haya. Na sayar da kujeruna. Gadona yana cikin waccan motar. In ƙanƙara ta sauko, bututun ruwanta fashewa za su yi, ni ma in fashe."

"Na ce maka kada ka saki gidan tukuna," in ji Lorna.

"Na ɗauka kunya ce irin ta mata."

"Ka tafi kai kaɗai mana," in ji Arvid, da kek a baki. Ransa ya yi fari, har yana jin son Merle.

"Da wane ido? In rana ta yi ƙasa ba na ganin layin titi. Sarauniya ce za ta riƙa karɓata."

Paulette ta leƙa taga. Ta daɗe tana kallon motar.

"Wannan ce? Ai ƙarama ce. Na tuƙa wadda ta fi ta tsawo, da yara cike suna jifan juna da takalma."

"Kin taɓa zuwa Arizona?" in ji Lorna.

"Ban taɓa ba. Gwiwoyina kuwa sun daɗe suna roƙona." Ta zaro waya daga aljihu, ta saka tabarau. "Ni fa na zo ne a matsayin budurwa. Ba zan koma hannu biyu ba. Dokar gidan nan, an ce sai an faɗa a tebur kafin a danna, ko?"

"Haka ne," in ji Lorna.

"To ga ni a tebur. Zan danna wa wani."

Arvid ya daina tauna. Kunnensa ya sake yin ja. Ya kalli Lorna, ya kai hannu aljihun wandonsa a hankali, inda wayarsa take.

"Cire hannunka, bawan Allah," in ji Paulette. "Kai ko sannu ba ka taɓa ce min ba. Koma wajen matarka."

Ta shafa waya, ta shafa, ta tsaya.

"Ga shi. Shi ma da kifi a hannu. Ku mazan garin nan ba ku da wani hoto ne?"

"Paulette," in ji Merle. Muryarsa ta siranta. "Ki bari sai an jima. Ba gaggawa. Mu sha kofi."

"Me zai faru? Danna kawai zan yi. In ka ga dama wata rana ka mayar."

Ta danna.

Ƙilin!

Daga aljihun rigar Merle ta fito.

Merle ya dafe aljihun da tafin hannu, kamar zai mayar da ƙarar ciki.

"Ba ta bugawa," in ji Lorna a hankali, "sai in mutum biyu sun danna."

"Wayar ce. Tun da ta faɗa ruwa take..."

"Kai ka faɗa ɗazu. Da bakinka."

Paulette ta ɗaga tabarau ta karanta. "An rubuta wai ya riga ni. Tun tuni."

Arvid ya ajiye kek. Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Budurwata ka danna wa?"

"Ai ba budurwarka ba ce, Kyaftin!"

"A lokacin ba ka sani ba."

"Hannuna ne ya zame!"

"Mai gaskiya," in ji Lorna. "Shi kaɗai a teburin nan."

Merle ya kalli ƙofa. Ya kalli makullin babbar motar da ke kusa da kwanon wake. Ya miƙa hannu.

Arvid ya riga shi. Ya jefa makullin a aljihu, ya jingina da kujera, ya jawo farantin kek gabansa.

"Miƙe tsaye, Merle," ya ce. "A tsaye ake yin ta."